Wutar Inna Ba Ta Fita da Magariba

Derejik, 11 ga Janairu, 1978

Zuwa ga maigidana, Baban Elmas,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Jamus, yaya bayan nan naka da ka ce yana damunka? In ka tambaye mu, sai godiyar Allah. Elmas tana gaishe ka, tarinta ya yi sauƙi amma bai rabu da ita ba. Na cikin ma yana gaishe ka da ƙafa. Wata biyar ke nan bai iya zama wuri ɗaya ba, halin ubansa ya ɗauko.

To, mun tashi. Na san ka ce a bari sai bazara ka zo da kanka, amma rufin gidan tudu bai jira ka ba. Azarar tsakiyar nan da girgizar ƙasa ta tsaga da kaka, ranar Juma'a dusar ƙanƙara ta taru a kanta, sai muka ji ta yi ƙara, ƙasa ta zubo har cikin tukunyar miya. Na hau da shebur na kwashe abin da zan iya, da wannan cikin nawa. Kawu Shukru mai dawakai ya hawo ya duba, ya tokare ta da gungume, ya ce shi dai ko akuyarsa ba zai bari ta yi mako a ƙarƙashinta ba. Ka kuwa san tun girgizar nan kowa ya sauko gari, mu kaɗai muka rage a tudu, ko wanda za ka ƙwala wa kira babu.

Jiya ya zo da amalankensa mara ƙafa da dawakai ke ja a kan ƙanƙara, muka yi sahu uku. Na farko katifu da barguna da tukwane, na biyu buhunan gari da cuku da busasshen nama. Na uku muka loda kandilon da muka tara tun damina, kusan duka, na bar wa Inna na kwana biyu. Saniyarmu Maral da tumakin nan takwas suka biyo mu a ƙasa, saniyar tana ta waiwaye.

Inna ba ta sauko ba tukuna, amma kada hankalinka ya tashi. Laifin igiyar doki ne da ta tsinke a sahu na biyu, ta cinye mana rana. Kafin mu gama loda na uku rana ta sunkuya bayan dutse, ka kuwa san mahaifiyarka da wutar nan tata. Garwashin da ta ɗauko daga tanderun uwarta ranar da aka kawo ta gidanku, shekara arba'in da shida tana rufe shi da toka da yamma tana tone shi da safe. Ta ce wuta ita ke fita ƙarshe, kuma ba a fitar da wuta daga gida da magariba, wanda ya yi haka arzikin gidan ya fitar. Kawu Shukru ya ce, “Gulperi, arzikin me ya rage a nan ban da ɓeraye? Hau mu tafi.” Ta ce, “Kai da ka sayar da gonar ubanka ka sayi doki, kai ne za ka koya mini arziki? Ka dawo da hantsi.” Ya yi dariya ya ce zai dawo. Da ita da wutarta da adakarta da masaƙa da gadon jaririn nan naka duk sahu ɗaya ne, yau za a sauko da su.

Yanzu bari in yi maka godiya kan gidan nan irin na Jamus da ka gina mana a cikin gari. Sannu da ƙoƙari, Baban Elmas. Tagogi manya manya kamar na asibiti, iska na shiga ta inda ta ga dama. Daɓen siminti, in ka taka ba takalmi sai ka ji har cikin haƙora. Ba tanderu, sai murhun ƙarfen nan mai bututu da ke zafi yanzu ya huce anjima. Dabbobi kuma ka kai su can ƙarshen tsakar gida, wai don wari. A gidan tudu katanga iya ƙugu ce tsakaninmu da su, ban taɓa jin warin ya kashe kowa ba. Inna ta ce kada in kunna murhun da ashana, in jira wutarta. Na kunna. Yarinya na rawar ɗari, ba zan zauna ina kallonta ba, in ta zo ta yi faɗanta.

Tun asuba dusar ƙanƙara ke sauka da iska. Kawu Shukru ya ce da ta lafa zai hau. Zan ba direban motar birni takardar nan in ya tashi.

Ka kula da kanka, ka riƙa sa rigar ulun da na saƙa maka.

Taka,
Nazife

Derejik, 14 ga Janairu

Baban Elmas,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Elmas lafiya, ni ma jikina lafiya. Takardar farko tana nan kan taga, motar birni ba ta tashi ba, hanya ta toshe.

Inna tana tudu har yanzu. Yau kwana huɗu.

Guguwar ba ta lafa ba. Na girma a garin nan ban taɓa ganin irinta ba, in ka miƙa hannu ba ka ganin yatsunka. Ranar Alhamis Kawu Shukru ya ɗaura dawakai, kafin ya kai gada sun nutse har ƙirji, da ƙyar aka jawo su. Jiya bayan sallar Juma'a Liman ya tara maza shida, suka ɗaure juna da igiya suka tafi a ƙasa. Sun kai bakin kwazazzabo suka tarar dusar ƙanƙara ta zaftaro daga dutse ta cike shi, hanyar ma ba a san inda take ba. Sun dawo gab da la'asar, gemunsu duk ƙanƙara, ɗaya daga ciki yatsunsa sun yi fari. Ban iya ce musu su koma ba, su ma da 'ya'yansu.

Tagar ɗakin baya tana kallon tudu. Ita ce tagar da na fi zagi, yanzu a gabanta nake wuni. In iska ta ɗan tsagaita sai in hango baƙin layin rufin gidanmu. Jiya na ga hayaƙi yana fita ta kafar rufi, fari, siriri, irin na kandilo. Na durƙusa a kan simintin nan na yi ta godiya ga Allah. Yau ma na gani da hantsi. Muddin da hayaƙi tana raye, iyakar abin da na sani ke nan.

Akwai abin da ban rubuta maka ba a takardar farko, kuma ya hana ni cin abinci. Da muka zo tafiya, na kwance Maral, Inna ta biyo ni bakin ƙofa ta ce, “Amarya, bar mini saniyar nan ta kwana, numfashinta ya fi bargo biyu.” Ka san gaskiyarta. Ɗakin gidan tudu dabbobi ke ɗumama shi, tanderu ƙafafu kawai yake gasawa. Ni ma na sani, a irin ɗakin aka haife ni. Amma na gaji, bayana kamar zai tsinke, tun safe take bin bayana tana cewa ba haka ake naɗe katifa ba, ba haka ake ɗaure tukunya ba, ga shi kuma ta ƙi hawa saboda garwashi. Sai na ce mata, “Ai kina da wutarki, Inna, ita ta ɗumama ki. Elmas madara take sha, ba al'ada ba.”

Haka na ce wa mahaifiyarka. Madarar safe ɗaya, wadda da na roƙi Goggo Fikriye matar Kawu Shukru da ta cika mini kwano. Ko tunkiya biyu ban bar mata ba. Na zaci za ta mayar mini kamar yadda ta saba, shekara bakwai muna yi, ta faɗa in faɗa. Ba ta mayar ba. Ta dube ni ta ce, “To, Amarya, ja saniyarki. Ki lulluɓe yarinyar, iska ta juya.” Ta koma ciki.

Ta ga iska ta juya, Baban Elmas, ta san abin da ke tafe, ni ce ban duba sama ba. Kandilon kwana biyu na bar mata, shi ma don na ƙi yin sahu na huɗu. Ga shi nan jibge a tsakar gidanka ya kai tsayin mutum, ga Maral tana tuƙa a garkenta, ni kuma ba ni da hanyar kai mata ko guda ɗaya.

Ban san me nake so ka ce ba. Ka yi addu'a in kana jin wani abu a jikinka.

Matarka,
Nazife

Derejik, 16 ga Janairu

Baban Elmas,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu muna nan.

Na je gidan waya in buga maka tangaraho, mai gidan wayar ya ce turaku sun faɗi tun ranar Laraba. Ko da ta je ma me za ka yi? Kwana huɗu ne a jirgin ƙasa, sannan ka zo ka tsaya a birni kana kallon hanya kamar yadda nake kallon tudu.

Jiya hayaƙin ya sake kama. Ya fito baƙi, mai kauri, ya daɗe yana tashi. Na kira Goggo Fikriye ta zo ta duba, ta sa hannu a goshi ta ce, “Wannan ba kandilo ba ne, katako ne mai fenti.” Katako mai fenti ɗaya ne a gidan nan, koriyar adakar aurenta mai zanen furanni, wadda ko Elmas ba ta bari ta zauna a kai. Goggo ta ce in kwantar da hankalina, Gulperi ta ga yunwar shekarar yaƙi ta ga mutuwar 'ya'ya uku, ba sanyi ne zai kai ta ƙasa ba, ko Mala'ikan mutuwa ya zo sai ta ce masa ya dawo da hantsi. Ta faɗa don in yi dariya, na yi, sannan muka zauna muka yi kuka tare.

Yau da safe na ɗaure kandilo a buhu na goya, na ja Maral na nufi gada. Ban yi shawara da kowa ba. Ban kai ko'ina ba, saniyar ta turje, ni kuma na nutse har cinya na kasa ciro ƙafa. Kawu Shukru ne ya hango ni ya zo ya finciko ni. Ya ce, “Ke da wannan tulun a gaba za ki hau tudu? So kike in mijinki Rasim ya dawo in ce masa na binne masa uku?” Na ce masa to su maza me suke jira. Bai ji haushi ba. Ya ce tun jiya suke haƙa hanya a kwazazzabo da shebur, abin da suka haƙa da safe iska ta mayar da yamma. Na ga tafin hannunsa duk ya fashe, na ji kunya.

Elmas tana tambaya yaushe Kaka za ta zo ta gasa mata gurasa. Na ce gobe. Kullum gobe nake ce mata.

Yau hayaƙin kaɗan ne, sau ɗaya na gan shi, wajen azahar. Rufin kuma ya yi tozo da dusar ƙanƙara, ba mai kwashewa, azarar nan tana ƙarƙashi. Ban san wanne zan ji tsoro ba, sanyin ko rufin. Iska dai ta fara kwantawa, Liman ya ce in ta kwana haka gobe duk mazan gari za su fita.

Nazife

Derejik, 20 ga Janairu

Zuwa ga maigidana, Baban Elmas,

Ina gaishe ka gaisuwar da ban san yadda zan yi ta ba. Ina roƙon Allah ya sa kana zaune lokacin da za ka karanta wannan, ya sa kuma akwai wani ɗan garinmu kusa da kai.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu jiya Alhamis da hantsi, a nan gidan, a hannuna. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Zan faɗa maka komai yadda ya faru, don haƙƙinka ne.

Ranar Talata gari ya waye tsit. Maza goma sha tara suka fita, suka fasa kwazazzabon kafin azahar. Kawu Shukru ya ce sai da suka haƙa kafin su ga ƙofa. Rufin bai faɗi ba, gungumen ya riƙe. Sun same ta zaune a bakin ramin tanderu, ƙafafunta a ciki, ta lulluɓa da bargonta ɗaya da buhunan da muka bari. Ruwan randa ya daskare har ya fasa ta. Da ta gan su, abin da ta fara cewa shi ne, “Shukru, hantsin ke nan?”

Ta ƙona adakar. Ta ƙona masaƙarta, da kujerar tatsa, da katangar katakon da ke tsakaninmu da dabbobi. Da waɗannan suka ƙare ta jawo allunan nan tara da mahaifinka ya yanka mata kafin ya rasu, na rufin kabarinta, waɗanda take ajiye a bayan buhunan gari tana shafa musu mai duk kaka. Su ma ta ƙona, ɗaya bayan ɗaya, rabin na ƙarshe suka tarar a wuta. Gadon jaririnka yana gefenta, Baban Elmas, itacen goro mai nauyi da zai ci wuni guda yana ba ta zafi. Ba ta taɓa shi ba. Kawu Shukru ya ce mata me ya sa, ta ce, “Jikan nawa a tafin hannunka zai kwanta?”

Ba ta yarda sun ɗauke ta ba sai da ta kwashe garwashin da kanta a kasko, ta rufe da toka, ta leƙa waje ta tabbatar rana na sama. A kan cinyarta ta riƙe shi har gari.

Da aka shigo da ita na kasa haɗa ido da ita. Ƙafafunta sun yi baƙi, ƙirjinta yana kuka in ta ja numfashi. Ta dubi tagoginka ta ce, “Wannan gida ne ko fitila?” Sannan ta dubi murhun ta ce, “Ta ashana ce ko?” Na ce e. Ta ce in kashe. Na kwashe wutar tas na zubar a waje, ta miƙo mini kaskon, na tone tokar da hannuna. Garwashi uku ne suka rage, ƙanana kamar ƙwayar dabino. Na hura, suka kama.

Na shigo da Maral har cikin ɗakin, a kan simintin naka, na ɗaure ta kusa da shimfiɗar Inna. Ka yi haƙuri da daɓen. Inna ta sa hannu a wuyanta ta ce, “Yanzu kika kawo ta.” Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma da faɗa ne da na fi jin sauƙi. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, “Tashi, Amarya, kada ki danne mini jika. Na faɗa miki maganganun da suka fi wannan, ba ki mutu ba.” Na ce amma ni tawa ta yi kisa. Ta ce in bar shirme in ba ta shayi. Ta sha rabin kofi.

Ma'aikacin lafiya ya zo ya yi mata allura, ya ce sanyi ya riga ya kama huhu, asibitin birni kawai, hanyar birni kuwa ka sani. Kwana biyu ta yi. Ta tambaye ka sau biyu. Na ce kana hanya, Allah ya yafe mini. Ta koya mini yadda ake rufe garwashi, wai toka mai sanyi a ƙasa mai ɗumi a sama, kamar ban taɓa gani ba, ta sa na maimaita sau uku tana cewa ba haka ba.

Da ta cika, Goggo Fikriye da mata biyu suka yi mata wanka. Likkafaninta ta ciro shi daga adakar kafin ta ƙona, yana ɗaure a ƙugunta. Alluna ne babu. Na ce su cire ƙofar ɗakin baya su tsaga, ita ce katako mafi kyau a gidan. Ban nemi izininka ba.

Sai maza suka dawo daga maƙabarta suka ce ƙasa ta ƙi. Ta daskare ta fi kamu huɗu, diga na tsalle a kanta. Liman ya ce babu dabara sai a hura wuta a wurin, ta wuni ta kwana, ƙasa ta saki sannan a haƙa. Suka loda kandilon nan na tsakar gida, wanda na hana ta, suka cika amalanke. Na ga Kawu Shukru yana laluben ashana a aljihu. Na ce ya dakata. Na shiga na ɗebo garwashi daga murhu a kaskonta, na duba rana, da sauranta, la'asar ba ta yi ba. Na miƙa masa a bakin ƙofa. Ya karɓa da hannu biyu.

Yau bayan sallar Juma'a aka sa ta. Sun ce ƙasar ta yi laushi, da suka saukar da ita ramin da ɗuminsa.

An ce gobe motar share hanya za ta iso. Na yi tunanin in yaga takardun nan uku na farko in aiko maka da wannan kaɗai, don kada ka karanta ina tsokanarka kan tagogi alhali mahaifiyarka tana can. Na fasa. Ka karanta su bi da bi, ka san abin da na ce mata da bakina, kada ka ji a wurin wani. In ka zo ka ga ba za ka iya kallona ba, ba zan ce ka yi laifi ba.

Gadon jaririn yana nan kusa da murhu, Elmas ta kwantar da 'yar tsanarta a ciki. Daga tagar baya, yanzu da ba ƙofa a ɗakin, ina hango tudu daga inda nake zaune. Ba hayaƙi. Na san babu, amma ina ɗaga kai.

Rana ta kusa faɗuwa, zan tashi in rufe wutar.

Matarka,
Nazife